Mulhouse da Basel: Hutun Masu Sha'awar Jirgin Ƙasa a Mahaɗar Ƙasashe Uku

A ƙasashen Turai akwai mutanen da jirgin ƙasa ya shiga ransu, har ya zama shi suke ware wa kwanakin hutunsu. Mafi yawansu ba ma'aikatan reluwe ba ne. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da akawuna, da makanikai, da dattawan da suka yi ritaya, da yaran da iyayensu ke rakowa. Idan hutun lokacin zafi ya kama, tsakanin Yuli da Agusta, jama'a su nufi bakin teku, su kuwa sai su rataya kyamara, su jefa ɗan littafin rubutu a aljihu, su nufi inda jirage suke.

Wuri iri biyu ne ya fi jan su. Na farko gidan adana tsofaffin kawunan jirgi, wato injinan da ke jan taragu, inda mutum zai tsaya gaban inji ya ƙare masa kallo a tsanake. Na biyu tashar kan iyaka, inda jirgin wata ƙasa ke hawa layin wata. Yankin da Faransa da Jamus da Suwizalan suka haɗa iyaka a bakin kogin Rhine ya tara duka biyun. A birnin Mulhouse na Faransa akwai Cité du Train, ɗaya daga cikin manyan gidajen tarihin jirgin ƙasa na duniya, kuma tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga nan sai ga Basel, birnin Suwizalan da jiragen ƙasashe uku ke shiga kullum. Wanda ya fara da gidan tarihin kafin ya je tashar ya fi amfana, domin yawancin abubuwan mamakin da zai gani a kan iyaka, dalilinsu yana ajiye a Mulhouse.

Tushen sha'awar

Tun da aka fara jirgin ƙasa ake samun masu tsayawa kallonsa, amma a Ingila ne abin ya zama tsararriyar al'ada. A 1942 wani matashin akawu a kamfanin Southern Railway mai suna Ian Allan, wanda aikinsa ya haɗa da amsa wasiƙun masu tambaya game da injina, ya tattara lambobin kawunan jirgin kamfanin a wani ɗan ƙaramin littafi da aka sayar sule ɗaya. Nan da nan littafin ya ƙare a kasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yara maza bila adadin suka riƙa cika ƙarshen dakalin tashoshi, kowa da littafinsa, duk injin da ya wuce a ja layi ƙarƙashin lambarsa.

Daga cikin masu irin wannan sha'awa aka samu waɗanda suka ceci kayan reluwe daga halaka. A 1951 wasu masu aikin sa kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn da ke yankin Wales, wanda yake dab da mutuwa, suka ci gaba da tafiyar da shi da kansu, kuma ba a taɓa yin haka ba a ko'ina kafin su. Da Birtaniya ta daina amfani da injin tururi a manyan layukanta a 1968, ƙungiyoyin masu sha'awa suka riƙa haɗa kuɗi suna saye. Daga filin wani dillalin tsofaffin ƙarafa guda ɗaya a garin Barry kaɗai, sun fitar da injina fiye da 200 da aka kai domin a yayyanka.

A yau sha'awar ta yi rassa. Akwai masu tara lamba, da masu hoto, da masu naɗar ƙarar inji, da waɗanda burinsu su bi kowane layi na ƙasa ko da sau ɗaya ne, da masu ƙera ƙananan jirage a gida, da masu nazarin jadawalin tafiya. Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci. Layuka da yawa da aka tumɓuke, ba a san kamanninsu ba a yau sai ta hotunan irin waɗannan mutane da rubuce-rubucen da suka bari.

Me ya sa Mulhouse

Mulhouse birnin masana'antu ne a kudancin lardin Alsace, mai mutane sama da dubu ɗari. Tarihinsa kansa na kan iyaka ne. Ya shekara ɗaruruwa yana ƙawance da jihohin Suwizalan kafin ya shiga Faransa a 1798. Jamus ta karɓe shi tare da sauran Alsace a 1871, ya koma Faransa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta sake mamaye shi daga 1940 zuwa 1944.

Arzikin garin ya taso ne daga buga zane a jikin yadin auduga. Masaƙu suna buƙatar kwal da hanyar fitar da kaya, shi ya sa wani attajiri daga iyalin masu masana'antun garin, Nicolas Koechlin, ya gina layi mai tsawon kilomita ashirin daga Mulhouse zuwa Thann a 1839. Daga nan ya ɗauko babban aiki, layin Strasbourg zuwa Basel, wanda ya isa garin Saint-Louis a bakin iyaka, sannan ya shiga Basel a 1844. Wannan ne layin dogo na farko da ya taka ƙasar Suwizalan, shekara uku kafin ƙasar ta buɗe nata na cikin gida tsakanin Zurich da Baden. A lokacin Basel na da ganuwa. Da aka shigo da tashar cikin gari, sai aka yi wa jirgin ƙofa tasa a jikin ganuwar, ana rufe ta da dare a buɗe da safe.

A Mulhouse kuma aka riƙa ƙera kawunan jirgi a masana'antar André Koechlin. Bayan Jamus ta karɓe Alsace, kamfanin da ya gaje ta ya buɗe reshe a Belfort, wanda ya rage a hannun Faransa, kuma daga wannan reshe kamfanin Alstom ya samo tushe. A Belfort ɗin ake ƙera kawunan jirgin TGV mai tsananin gudu. Saboda haka da hukumar jiragen ƙasan Faransa, SNCF, ta nemi inda za ta ajiye injinan da ta keɓe daga yanka, Mulhouse na da hujjar neman a ba ta. An buɗe gidan a 1971 a wata tsohuwar ma'ajiyar injina, ya koma mazauninsa na yanzu a unguwar Dornach a 1976, aka faɗaɗa shi aka ba shi sunan da yake amsawa a 2005. Ana zuwa ƙofarsa da taragon lantarki na cikin gari, kuma wasu daga cikin waɗannan taragu, idan sun fita gari, sukan hau babban layi su ci gaba har Thann.

Cikin gidan tarihin

Injina da taragun da ke wurin sun haura ɗari. Mafi tsufa shi ne wani ƙaramin inji mai suna Saint-Pierre, wanda aka ƙera a 1844 domin layin Faris zuwa Rouen. Baturen Ingila ne, William Buddicom, ya ƙera shi a masana'antar da ya kafa a Faransa. Injiniyoyin Ingila ne suka koya wa Faransa aikin dogo a farkon lamari, kuma tasirin wannan yana nan har yanzu, kamar yadda za a gani a kan iyaka. Kusa da shi a shekaru akwai Le Continent na 1852, mai manyan ƙafafu biyu a baya da suka fi mutum tsawo. Girman ƙafar dabara ce ta samun gudu: duk juyi ɗaya yana cin ƙasa mai yawa, kuma irin wannan inji yana kai kilomita 120 a awa tun a wancan zamani.

Wurin da baƙi suka fi daɗewa shi ne gaban wani ƙaton inji na 1911 da aka yanke gefensa domin a ga cikinsa. A nan mutum zai fahimci aikin tururi da idonsa. A baya akwai murhu inda ake zuba kwal. Zafin wutar yana bi ta cikin ɗimbin bututu da suka ratsa wata doguwar tukunya cike da ruwa. Ruwan ya tafasa, tururin ya taru a sama da matsi mai ƙarfi, a sake shi cikin silinda ya tura fistin gaba da baya, sandunan ƙarfe kuma su mayar da wannan turi zuwa juyin ƙafa. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, fitarsa tana jawo iska cikin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Wato inji yana ƙara aiki, wutarsa tana ƙara ƙarfi da kanta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma mai ɓarna: galibi abin da ke isa ƙafa bai kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin kwal ɗin ba. Ga kuma wahalar mai zuba kwal, wanda zai kwashi tan-tan da shebur a tafiya ɗaya yana tsaye a kan ƙarfe mai girgiza, gabansa wuta, bayansa sanyi. Akwai wani injin na 1949, mai lamba 232 U 1, da aka shirya yadda ƙafafunsa ke juyawa lokaci-lokaci yana tsaye wuri ɗaya, domin a ga yadda sandunan ke aiki tare.

Lambobin nan ba haka kawai ake sa su ba, kuma karanta su shi ne darasin farko na mai sha'awa. Faransawa suna ƙirga sandunan da suka haɗa ƙafa da ƙafa. Lamba 232 na nufin biyu a gaba masu jagora a kwana, uku a tsakiya masu ja, biyu a baya masu ɗauke da murhu. Turawan Ingila kuwa ƙafafun suke ƙirgawa, sai su kira wannan injin 4-6-4.

Wani inji mai lamba 141 R yana ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka kori Jamus, yawancin injinan Faransa sun lalace, masana'antunta kuma ba su da halin maye gurbinsu. Sai aka yi odar guda 1,340 daga Amurka da Kanada, aka ƙera su tsakanin 1945 da 1947. Goma sha bakwai sun salwanta a ruwa. Wasu daga cikin sauran suka yi aiki har tsakiyar shekarun 1970, lokacin da tururi ya ƙare a Faransa. A wani zaure mai duhu an kwantar da wani inji a gefensa, domin tuna 'yan gwagwarmayar da suka riƙa kayar da jiragen sojan mamaya. A zauren kuma akwai taragon fadawan Sarki Napoleon na Uku, da na shugabannin ƙasa, da taragun barci da na cin abinci na kamfanin Wagons-Lits, wanda ya fara jirgin Orient Express a 1883. Akwai kuma sashen da ke tuna 1936, shekarar da doka ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi, aka rage musu kuɗin tikiti, talakawa da yawa suka ga teku a karon farko.

A ɓangaren lantarki akwai BB 9004, wanda ya kai kilomita 331 a awa a watan Maris na 1955 a kudancin Bordeaux, gudun da ya narkar da hannun da ke shafar waya, ya kuma karkatar da layin da ya bi. Amma injin da ya fi dacewa da mai shirin zuwa Basel shi ne wani dogo mai jikin azurfa da jan layi, daga rukunin CC 40100 na 1964. An ƙera shi domin jiragen alfarma na Trans Europ Express masu tashi daga Faris zuwa Beljiyam da gaba, kuma an yi shi yadda zai iya shan wutar lantarki iri huɗu. Dalilin da ya sa inji ɗaya ke buƙatar wuta iri huɗu, shi ake zuwa gani a kan iyaka.

Birni mai tashoshin ƙasashe uku

Babbar tashar Basel ta hukumar jiragen Suwizalan ce, SBB. A jikinta ta yamma akwai ɓangaren jiragen Faransa, inda jiragen Strasbourg da Mulhouse ke tsayawa. A ƙetaren kogi kuma akwai Badischer Bahnhof, tashar da ke kan ƙasar Suwizalan amma kamfanin jiragen Jamus, Deutsche Bahn, ke tafiyar da ita, bisa wata yarjejeniya ta 1852 tsakanin Suwizalan da masarautar Baden. Ginin da ke tsaye yanzu na 1913 ne. Bajamushe kan taso daga wani garin Jamus, ya sauya jirgi a nan, ya sauka a wani garin Jamus, alhali ya ratsa wata ƙasa a tsakiya.

Tun Disamba 2008, da Suwizalan ta shiga yarjejeniyar Schengen, ba a tsayar da kowane fasinja domin duba fasfo, kodayake jami'an kwastan suna nan, tunda ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai. Ga matafiyi iyakar ta kusa ɓacewa. Jirgin TGV Lyria daga Faris yana isowa cikin awa uku da 'yan mintoci ya wuce Zurich. Farin ICE na Jamus yana wucewa Interlaken. Da dare jiragen barci na Ostiriya suna ratsawa daga Zurich zuwa Hamburg da Amsterdam. Hatta taragon cikin gari yana ƙetare iyaka: layi na 8 ya shiga Weil am Rhein ta Jamus tun 2014, layi na 3 ya shiga Saint-Louis ta Faransa tun 2017. Ga inji da direbansa kuwa, iyakar tana nan daram.

Abin da ke sauyawa a kan iyaka

Matsalar da ta fi kowace girma, faɗin layi, ba ta taso a Basel ba, domin ƙasashen uku duk suna kan milimita 1,435. A wasu iyakokin ba haka abin yake ba. Tsohon layin Sipaniya da Fotugal 1,668 ne, na Rasha da maƙwabtanta 1,520. A tashar Brest ta Belarus an daɗe ana ɗaga tarago sama a sauya masa ƙafafu, a Sipaniya kuma tun 1969 jiragen Talgo ke bi ta wata na'ura mai matse ƙafafunsu ko buɗa su suna tafiya a hankali. Afirka ta Yamma ta gaji wannan ciwo daga mulkin mallaka. Layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, na Jamhuriyar Binin da Kamaru mita ɗaya cif, don haka ko da an haɗa su tarago ba zai ƙetare ba. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 domin ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Nijar, duk a kan 1,435 aka tsara su.

Abu na farko da mai lura zai gani tun a Mulhouse shi ne hannun da jirgi ke bi. A sauran Faransa jirage suna bin hannun hagu, gadon injiniyoyin Ingila, duk da cewa motoci dama suke bi. A Alsace da yankin Moselle kuwa dama suke bi, domin a cikin shekarun da Jamus ta riƙe yankin ta mayar da komai kan tsarinta. Da Faransa ta dawo, sauya sigina da mahaɗun layi duka zai ci kuɗi mai yawa, sai aka bar shi. A wurare kamar Imling, kusa da Sarrebourg, an gina gada inda layi ɗaya ke hayewa kan ɗan'uwansa domin jirgi ya sauya hannu ba tare da ya tsaya ba. Iyakar 1871 ta fita daga taswira fiye da shekara ɗari da suka wuce, amma direba yana ƙetare ta kullum. Suwizalan ita ma hagu take bi, saboda haka jirgin da ya shigo daga Alsace ko Jamus ya zarce cikin ƙasar sai ya sauya hannu a yankin Basel.

Na biyu, kuma mafi nauyi, wutar lantarki. Jamus da Suwizalan da Ostiriya suna amfani da bolt 15,000, wuta mai kai-da-komo ƙasa da sau 17 a daƙiƙa. An zaɓi wannan jinkiri ne a farkon ƙarni na ashirin saboda injinan lokacin suna tartsatsi idan kai-da-komon ya yi sauri, kuma jihohin Jamus suka daidaita a kansa a 1912. Suwizalan, wadda ba ta da kwal amma tana da ruwan duwatsu, ta sha wuyar ƙarancin kwal a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ta gaggauta sa wa layukanta wuta, ta fara jan jirage da lantarki a layin Gotthard a 1920. Farashin zaɓin wuta mai jinkiri shi ne reluwe ba ta iya shan wutar gari kai tsaye, dole ta samar da tata ko ta juya ta. Faransa da farko ta daidaita a kan bolt 1,500 na wuta mai tafiya miƙe, wanda har yau ake amfani da shi a kudancinta. Bayan yaƙi na biyu injiniyoyinta suka yi nazarin wani gwaji da Jamusawa suka fara a 1936 a layin Höllental kusa da Freiburg, ƙetaren kogi daga Alsace, inda aka ja jirgi da wuta mai kai-da-komo sau 50 irin ta gari. Suka inganta shi ya zama bolt 25,000, suka shimfiɗa shi a arewa da gabashin ƙasarsu, daga baya ya zama zaɓin yawancin sababbin layukan duniya. Italiya da Beljiyam kuma suna kan bolt 3,000. Iri huɗun ke nan. Lamarin ya yi kama da mutumin da ya sayo na'ura daga wata ƙasa ya tarar filoginta ba ya shiga soket ɗin ɗakinsa, sai dai nan kuskure na iya ƙona injin miliyoyi.

A inda wuta biyu suka haɗu akan bar wani guntun waya marar wuta. Direba ya kashe inji, ya sauke hannun da ke kan rufin, jirgi ya gangara da nauyinsa, ya zaɓi sabon tsari, ya ɗaga hannun da ya dace. Wannan sauka da tashi na hannu shi masu kyamara ke jira. Ko tsakanin Jamus da Suwizalan, da wutarsu ɗaya ce, hannun ya bambanta: na Jamus faɗinsa milimita 1,950, na Suwizalan 1,450, saboda ramukan duwatsunta matsattsu ne. Shi ya sa jirgin Jamus da zai shiga can cikin ƙasar yake ɗauke da hannu na biyu.

Na uku, na'urar tsaro da ke taka wa jirgi birki idan direba ya wuce jar sigina. Kowace ƙasa ta ƙirƙiro tata, don haka injin ƙetare yana ɗauke da na'urori da yawa a ƙarƙashinsa. Na huɗu shi ne mutum: dole direba ya san dokokin layin da zai bi, ya kuma iya harshen masu kula da sigina. An ga nauyin wannan a 2017, lokacin da ƙasa ta zabtare a aikin haƙa rami a Rastatt, aka rufe babban layin Jamus mai zuwa Basel daga Agusta zuwa farkon Oktoba. Akwai layi lafiyayye a ɗaya gefen kogin, a Alsace, amma kaɗan daga jiragen kaya suka iya bin sa, saboda ƙarancin injinan da aka amince musu a Faransa da direbobin da suka iya Faransanci suka kuma san hanyar. Kaya suka taru tun daga tashoshin ruwa na arewa har Italiya.

Yadda ake kallon

Jiragen kaya sun fi na fasinja jan hankalin gwanaye, domin ba a san abin da zai ɓullo ba. Basel tana kan babbar hanyar kaya daga Rotterdam zuwa Genoa, wadda ke bi ta ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57 da aka buɗe a 2016, kuma a Muttenz, gefen birnin, akwai ƙaton fili inda ake warware taragu a sake jera su. Injinan zamani irin Vectron na Siemens da Traxx suna jan kwantenoni ta ƙasashe uku ko huɗu ba tare da an sauya su ba. A jikin kowane akwai lamba mai alƙaluma goma sha biyu, kuma na uku da na huɗu suna faɗin ƙasar da aka yi masa rajista: 80 Jamus, 81 Ostiriya, 83 Italiya, 85 Suwizalan, 87 Faransa. Akwai kuma wani ɗan akwati da aka zana mai haruffan ƙasashen da aka yarda ya shiga. Mai sha'awa kan karanta wannan kafin jirgi ya gama wucewa, ya rubuta lamba da lokaci da inda ya dosa.

Harkar tana son haƙuri da sanin rana. Mai hoto yana zaɓar gada ko ƙarshen dakali inda haske zai bugi gaban inji, da safe gefe ɗaya, da yamma ɗaya gefen. Tsakiyar mako ta fi Lahadi da Litinin yawan jiragen kaya. Masu sha'awar suna da ƙa'idojin da suke riƙe wa juna: ba a shiga gaban kyamarar wanda ya riga zuwa, ba a haska wa direba fitila a ido, ba a taka layi. Ba a kuma hawa kan tarago ko da yana ajiye, domin wutar wayar sama tana iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa ta ba. Iyalai da yawa sukan raba kwanakin: yini a gidan jirgi, yini a gidan tarihin motoci na Mulhouse mai tarin Bugatti, sannan Basel, wasu su zarce gidan tarihin sufuri na Lucerne.

Abin da masu sha'awar suke zuwa gani yana sauyawa. Turai na ƙoƙarin maye gurbin na'urorin tsaro na ƙasa-ƙasa da tsari guda mai suna ETCS. Suwizalan ta riga ta sa shi a kusan dukkan manyan layukanta, Jamus da Faransa kuwa suna tafiya a hankali saboda tsada. Tsohuwar al'adar cire injin wata ƙasa a ɗaura na wata a tashar iyaka tana raguwa, tunda inji ɗaya yana yin aikin. Wannan alheri ne ga 'yan kasuwa da matafiya, amma yana rage bambancin da ke kawo masu kallo, shi ya sa yanzu suka fi bin tsofaffin da suka rage a bakin aiki. TGV na farko mai ruwan lemo, wanda ya fara gudu tsakanin Faris da Lyon a 1981, ya riga ya yi ritaya. ICE na farko na 1991 yana shiga Basel har yanzu, haka ma jajayen injinan Re 420 na Suwizalan, waɗanda aka fara ƙerawa a 1964, kodayake adadinsu yana raguwa kowace shekara.